Igiyar da ke Tsakanin Uwa da Ɗa: Magana a kan Waƙoƙi Uku da Karantar da Su ga Matasa

Waƙar yabon uwa ba ta da wuyar samu. Ana rera ta a makaranta, ana jin ta a rediyo, ana yin ta a gidan biki, kuma duk wanda ya ji sai ya kaɗa kai ya ce gaskiya ne. Gaskiyar ce kuwa. Amma ka nemo yaro ɗan shekara 15, wanda da safen nan mahaifiyarsa ta hana shi fita, ya ja ƙyaure da ƙarfin da ya wuce kima, ya iso makaranta zuciyarsa tana tafasa, sa'an nan ka karanta masa irin wannan waƙa. Zai kaɗa kai kamar kowa, sai dai ba ta taɓa inda yake masa ciwo ba. Abin da zai tashi da shi ɗayan biyu ne: ko dai ya ce waƙa zancen baka ce da ba ta san abin da ke cikin gidaje ba, ko kuwa ya ce shi kaɗai ne lalatacce a cikin 'ya'yan mutane. Kowanne ya ɗauka, an yi hasara.

Akwai wani jinsin waƙa wanda ya fi wancan ƙaranci, shi ne wanda yake duban ja-in-jar da ke aukuwa tsakanin uwa da ɗanta yayin da ya fara tasawa, ba tare da ya la'anci ɗayansu ba. Zan ajiye uku daga cikinsu a gabanka. Biyu na mutanen Birtaniya ne, kuma na zaɓe su ne domin a can an shigar da su cikin karatun 'yan shekara 14 zuwa 16, masu shirin jarrabawar da suke kira GCSE, saboda haka an daɗe ana gwada su a kan matasa. Ta uku ta wata Balarabiya ce ta zamanin da. Ba zan kawo maka lafazinsu ba. Abin da ke cikinsu zan bayyana, da abin da na gani na kyau da na rauni.

Fasali

Ta farko sunanta Catrin, ta Gillian Clarke, wadda aka haifa a birnin Kadif na ƙasar Wels a 1937, ta kuma riƙe matsayin sha'irar ƙasarta daga 2008 zuwa 2016. Waƙar ta fito a 1978, kuma sunan 'yarta ta sa mata. Kashi biyu ce, na farko ya fi na biyu tsawo. A kashin farko uwa tana tsaye a wani ɗaki fari mai zafi, tana leƙen motoci ta taga suna jiran danja ta ba su hannu. Ba a ambaci asibiti ba, ba a ambaci haihuwa ba. Sai mai karatu ya yi nisa kafin ya gane cewa ɗakin naƙuda ne, kuma faɗan da uwar take tunawa shi ne haihuwar kanta, igiyar nan ja da take cewa sun yi kokawa a kanta kuwa ita ce igiyar cibiya. A kashi na biyu shekaru sun shuɗe, yarinya ta zama budurwa mai dogon gashi, tana tsaye tana yi wa uwarta kallon da babu rusunawa a cikinsa, tana roƙon a ƙara mata sa'a guda ta ci gaba da wasanta a waje bayan duhu ya yi. Nan waƙar ta tsaya. Ba a faɗa mana ko an bar ta ko an hana ta ba.

Ka lura da abin da wannan mata ta yi, domin a nan gwanintarta take. Mutane sun saba cewa saɓanin uwa da ɗa yana farawa ne ranar da ɗa ya balaga ya fara jin kansa. Ita kuwa sai ta mayar da asalinsa ga sa'ar farko, ta nuna cewa rabuwa ita ce aikin farko da su biyun suka yi tare, kuma da ba su yi shi ba da babu wanda zai rayu cikinsu. Ungozoma ta yanke igiya a ranar, amma igiyar ta sake fitowa daga zuciya bayan shekaru, tana ɗaure uwar duk lokacin da 'yar ta ja. Ka ga ke nan abin da yake haɗa su shi ne yake shaƙe su, igiya guda ce ba biyu ba. Wanda ya nemi ya tsince ƙauna gefe ya tsince rikici gefe a cikin wannan waƙa, ya yi kamar mai warware tufka yana neman igiya a cikin zare.

Abin dariya kaɗan a nan shi ne, hukumar jarrabawa ta Edexcel, a kundin da ta fara aiki da shi a 2015, ta jera wannan waƙa a babin rikici, tare da waƙoƙin yaƙi da na sojojin da sanyi yake kashewa a ramuka. Hukumar AQA kuwa ta jera waƙa ta biyu da zan kawo a babin ƙauna da zumunta. Da an musanya musu wuri da babu wanda zai ce an yi kuskure. Wannan kaɗai ya isa darasin yini guda: ka tambayi ɗalibai wane babi ya fi dacewa da ita, ka bar su su yi gardama har su gano da kansu cewa tambayar ce gurguwa.

Wanda kunnensa ya saba da ƙasida mai ƙafiya da ma'auni zai ji wannan waƙa kamar zance ne aka kakkarya. Ba ta da amsa-amo tsayayye, ɗangoginta gajeru ne, kuma sau da yawa ma'ana ba ta cika a ƙarshen ɗango sai ta zarce cikin na gaba. Malaman aruli na Larabawa suna kiran makamancin wannan tadmini, suna lissafa shi cikin aibobin ƙafiya. Masu nazarin waƙar Hausa suna ce masa saɓi-zarce. To, abin da wancan ma'auni ya ƙirga aibi, ita da gangan ta yi shi. Kowane ɗango yana jan na bayansa kamar yadda igiya take jan wanda ya riƙe ta, har mai rerawa ya rasa wurin da zai sauke numfashi. Ka sa yaro ya karanta ta da babbar murya, ka tambaye shi ina ya ji numfashinsa ya ƙare. Wannan ya fi ka rubuta masa sunan salon a allo ya haddace.

Wani abu kuma, wanda ɗan Bahaushe zai riga ɗan Bature ganinsa. Sunan yarinyar yana bisa kan waƙa kaɗai. A cikin jikinta uwar ba ta kira shi ko sau ɗaya ba, sai ni da ke. Mu da muka san kunyar ɗan fari, muka ga uwa tana shekara da shekaru ba ta furta sunan ɗanta ba, tana kawar da kai idan ya shigo alhali kunnenta yana bin takunsa, ba mu bukatar a gaya mana cewa rashin kiran suna ba rashin so ba ne. Ba ina cewa marubuciyar ta san wannan al'ada ba, ko kuwa dalilinta ke nan. Abin da nake cewa shi ne, ƙofa ce da malami zai iya shigar da ɗalibansa ta cikinta, su iso waƙar baƙi da abin da suka taho da shi daga gida.

Rauninta, a ganina, yana tsakiyar kashin farko, inda ta shiga bayanin yadda ta cika farin bangon ɗakin da kalmominta. A nan sha'ira ta leƙo ta bayan uwa, maganar ta yi nauyi, kuma yara sukan ɓace a wurin. Kada malami ya ɓoye wannan. Ɗalibin da aka nuna masa cewa waƙar da ke cikin littafi ma tana da inda ta yi tuntuɓe, shi ne zai yarda da kai idan ka ce masa ga inda ta yi kyau.

Fasali

Ta biyu ta Simon Armitage ce, mutumin Yokshaya a arewacin Ingila, haifaffen 1963, wanda aka naɗa sha'irin masarautar Birtaniya a 2019. Tana cikin littafinsa na 1993 mai suna Book of Matches, watau littafin ashana, kuma ba ta da suna nata na kanta. A nan ɗa ne yake magana. Zai tare a sabon gida, uwarsa ta zo taya shi awon tagogi da ƙofofi da bango. Ita ta riƙe bakin tef ɗin awo, shi kuwa yana jan ɗaya bakin yana nisa, ya hau bene, ya wuce ɗakunan kwana, har ya kai can ƙarƙashin rufi inda tef ya kusa ƙarewa, yatsun uwar suna maƙale da ɗan guntun da ya rage. A gabansa akwai 'yar ƙofa mai buɗewa zuwa sarari, kuma bai sani ba ko tashi zai yi ko faɗowa.

Kai da kake auna yadi a kasuwa ka san cewa dogon awo ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Sai wani ya riƙe maka baki. Ka kuma san cewa wanda ya riƙe bakin ba ya motsi, kuma da zai saki da awon ya ɓaci. Wannan shi ne dukkan sirrin waƙar. Ɗan yana auna nisansa ne daga uwarsa, kuma ba don tana tsaye a inda take ba da bai san iyakar tafiyar da ya yi ba. Ya kamanta ta da anga, ƙarfen nan da yake tsai da jirgin ruwa, ya kamanta kansa da abin wasan takarda da yara suke sakar wa zare iska ta ɗaga shi. Anga tana hana tafiya, tana kuma hana halaka. Abin wasan kuwa ba ya tashi sai da zare a hannun wani. Har a ƙirar waƙar ya sa alama: Turawa suna da wani tsari mai ɗango 14 da suke kira sonet, shi kuwa ya yi tasa 15, kamar ɗan ya zarce awo da taki guda.

Ta fi ta farko sauƙin koyarwa, kuma wannan sauƙin ne abin tsoronta. Hotonta a shirye yake tsaf, har yaro yana iya haddace cewa tef igiyar cibiya ne, ya zuba a takardar jarrabawa, ya ci maki, ba tare da wani abu ya motsa a ƙirjinsa ba. Sa'an nan uwar ba ta da murya. Yatsu biyu kawai muka gani nata. Amma ga almajirin da ya bar garinsu tun yana ƙarami, ko yaron da aka sa a mota zuwa Kano ko Kumasi ya koyi ciniki a hannun kawunsa, ba sai an yi dogon sharhi ba. Ya san wace ce ta tsaya a ƙofar gida, ya kuma san cewa bai waiwaya ba don kada a ga idonsa.

Fasali

In wani ya ce: ashe wannan ba koya wa yara tsaurin ido ba ne? An umarce mu da kyautata wa iyaye, har a Suratul Isra'i an hana ɗa furta mafi ƙanƙantar kalmar ƙosawa gare su, kai kuma ka zo kana karanta musu waƙar da 'ya take harara uwarta? Sai in ce masa: tambayarka tana bisa hanya, kuma ba na raina ta. Amma ka duba, ba a hana abin da ba ya aukuwa. Hanin da kansa shaida ne cewa ƙosawa tana zuwar wa zuciyar ɗa, har ɗa na kirki, kuma abin da aka nema gare shi shi ne ya riƙe harshensa da hannunsa idan ta zo. To, wa ya fi iya riƙewa: wanda ya san abin da ke taso masa, ya san cewa uwarsa ma tana jin irin jan da yake ji daga ɗaya bakin, ko kuwa wanda abin ya auko masa cikin duhu bai san sunansa ba? Harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma ba a taɓa jin wanda ya cire haƙoransa saboda haka ba. Yarinyar da ta karanta Catrin da kyau, abin da za ta gano shi ne hanin da ake yi mata da magariba tsoro ne ya sa tufafin faɗa.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan malamai da yawa suke zamewa. Kada ka mayar da aji zauren alƙali. Da zarar ka tambaya wa ke da gaskiya, uwa ko 'ya, ka kashe waƙar, domin masu neman yardarka za su ce uwa, masu jin haushi su ce 'ya a zuci, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi. Tambayar da ta fi ita ce: wa yake magana, wa ake yi wa magana, wa ya yi shiru? A waƙar farko 'yar ba ta ce komai da bakinta ba sai roƙon sa'a guda. A ta biyu uwar ce bebiya. Ka ce su rubuta abin da mai shirun zai faɗa da an ba shi dama, da Hausa ko da kowane harshe suka fi sakewa a cikinsa. Yaron da aka sa ya ari bakin uwa na rabin sa'a, ya nemo mata kalmomi, ya yi wani aiki da wa'azin wata guda bai sa shi ya yi ba.

Kada kuma ka ce kowa ya ba da labarin gidansu. Asirin gida ba kayan darasi ba ne, kuma a cikin kowane aji akwai maraya, akwai wanda kishiyar uwa ta rena, akwai wanda aka saki uwarsa tun yana goye. Amfanin waƙa a nan shi ne ta zama labule: yaro ya yi magana a kan 'yar Wels da uwarta, alhali kai da shi kun san wa yake nufi, ba wanda ya tona wani.

Fasali

Ta uku na ajiye ta ƙarshe domin ta fi ɗaci, kuma ban ga a fara da ita ba. Tana cikin Hamasa, kundin da Abu Tammam ya tattara a ƙarni na 3 na Hijira, wanda Marzuƙi da Tibrizi suka yi wa sharhi. An jingina ta ga wata mata daga Banu Hizzan da ake kira Ummu Sawab, a kan ɗanta da ya saɓa mata. Baiti 6 ce kacal, a bahari Basiɗ, ƙafiyarta harafin ba. A nan ba yaro ne mai neman sa'a guda ba. Ɗan ya girma, ya yi gemu, ya yi aure, har ya kai ga ɗaga hannu a kan uwarsa da sunan koya mata ladabi bayan ta yi furfura.

Ta fara da tuna shi yana kamar ɗan tsako, cikinsa ya fi komai nasa girma, ta kai shi har ya zama kamar namijin dabino da aka sassabe ya miƙe. Wanda ya san dabino ya san cewa namijinsa yana da tsawo da kauri, amma ba a cin 'ya'ya a kansa. Ba ta ce ɗanta bai amfane ta ba; itacen da ta zaɓa ne ya faɗa. Wannan irin taƙaitawa ita ce abin da Larabawan farko suka fi kowa, kuma ya kamata a tsai da ɗalibi a kanta har ya gano da kansa.

Amma baitin da ya sa na kawo waƙar shi ne na huɗu. Tana tsakiyar kai ƙara, ta gama faɗin abin da ya yi mata, sai ta tsaya tana kallon yadda yake taje sumarsa da yadda gemu ya zana a kumatunsa, tana mamaki. Mamakin me? Ana iya cewa mamakin yadda mai gemu zai yi wannan aiki. Ana iya cewa mamakin yadda tsakon nan ya zama wannan ƙato. Ana kuma iya cewa, duk da tufafinta da ya yaga, idonta bai daina ganin kyansa ba. Lafazin ya ɗauki dukkan ukun, kuma ba na son malamin da zai zaɓar wa ɗalibai ɗaya. Ka ajiye wannan baiti kusa da wurin da Gillian Clarke take kallon gashin 'yarta a tsakiyar faɗa. Fiye da shekara dubu ne tsakaninsu, ɗaya a ƙasar rairayi ɗaya a ƙasar ruwan sama, ba wadda ta san harshen 'yar'uwarta a cikin waƙa, amma dukkansu biyu, a daidai lokacin da fushi ya kai maƙura, gashin ɗan suka tsaya kallo.

Sa'an nan ka duba inda ta sauke waƙar. Baitoci biyu na ƙarshe ba a kan ɗan suke ba, a kan matarsa suke: tana yi wa mijin magana mai taushi a kan uwarsa don uwar ta ji, alhali, in ji tsohuwar, da za ta same ta cikin wuta da ta ƙara itace. Ɗalibai za su yi dariya a nan, domin ba gidan da ba a san zancen uwar miji da matar ɗa ba, kuma ka bar su su yi. Bayan sun natsu sai ka tambaye su: wa ya yaga tufafin? Ɗan ne. To, don me waƙar ta ƙare a kan wadda ba ta taɓa ta da hannu ba? Mai neman adalci zai ce wannan rauni ne, an ɗora wa baƙuwa kayan ɗan gida, kuma mu ba mu ji ta bakin matar ba. Yana da hujja. Amma ni ina ganin a nan ne waƙar ta fi faɗin gaskiya game da mai yin ta: ta iya fara ƙarar ɗanta a gaban Larabawa duka, ta kasa rufe ta da sunansa a bakin wuta. Idan ka kai nan da ɗalibanka, ka sake karanta musu baitocin shida daga farko ba tare da sharhi ba, sa'an nan ka sallame su.

Tammat.